In nuna masa katin ko in bar wa cikina?

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aurena ya matso, amma har yau na kasa faɗa wa wanda zan aura cewa ina tsoron ya bar ni kamar yadda aka bar mahaifiyata. Ƙawata ta ba ni katunan tarot, wato katuna 78 masu hotuna da ake yin duba da su. Ba duba nake yi da su ba, hoton nake kallo in rubuta abin da ya taso min a rai. Jiya na zaro wanda aka zana zuciya takubba uku sun soke ta, ruwan sama na zuba a bayanta, sai hawaye. In nuna masa katin in faɗa masa komai, ko in yi shiru?

Abu Yusuf: 'Yar uwa, ki rabu da su. Hadisi ne a Muslim, wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Zainab: Malam, ai ta ce ba gaibu take nema ba. Asalinsu ma wasan karta ne a Italiya a ƙarni na 15, sai a ƙarni na 18 aka mai da su na duba a Faransa. Wannan zanen zuciyar na Pamela Colman Smith ne, 1909.

Abu Yusuf: Tarihi ba fatawa ba ne. Ke malama ce?

Maman Iman: Ku bar maganar kati. Ƙanwata, kada ki faɗa masa. Ni na buɗe wa mijina cikina a daren farko, na faɗa masa irin dukan da na sha ina yarinya, ya rungume ni yana ba ni haƙuri. Ranar da muka yi faɗan farko, a gaban ƙannensa ya ce, "Shi ya sa ko ubanki bai iya da ke ba." Har muka rabu maganar nan ba ta bar kunnena ba. Bayan sakin na riƙa biyan wata mata a intanet tana buɗe min kati, kuɗi mai yawa, kullum ta ce zai dawo.

Sadiya: Anti, an cuce ki. Akwai manhajar buɗe katin a waya kyauta.

Bilki: Kyauta a ina? Sati guda suka ba ni, suka fara cire min kuɗi duk wata.

Kabiru: Ni da na zaro kati, mai hoton hasumiya tana cin wuta ya fito, washegari matata ta ga saƙon da na tura wa abokina ina ƙorafin surukata 😂

Zainab: Anti Maman Iman, Allah ya saka miki, amma ba duk maza ne haka ba. Ni na faɗa wa nawa, kuma bai taɓa yi min gori ba.

Maman Iman: Shekararki nawa da aure, 'yata?

Usman: Mu maza fa? Ka yi kuka sau ɗaya a gaban mace, sai ƙawayenta duka sun ji.

Bilki: Ku da kuke kai sirrin matanku majalisa?

Hauwa'u: Don Allah, gobe da yamma zai zo. Me zan ce masa?