Neman kalmar Hausa: ruwan da ke zagaye gida, wanda Turawa ke kira moat

Jama'a, a taimaka mini da kalma. Ina rubuta bayani kan wani tsohon gida a Ingila, Little Moreton Hall, da ke gundumar Cheshire kusa da garin Congleton, sai na cije a wuri ɗaya. An haƙa rami mai faɗin kusan mita 10 ya zagaye gidan, an cika shi da ruwa, sai ta gadar dutse ake shiga. Me za mu kira wannan ramin?

Ga gidan a taƙaice. Wani mai gonaki, William Moreton, ya fara gina shi wajen 1504, 'ya'ya da jikoki suka yi ta ƙari har kusan shekara 100. Kafintan da ya yi manyan tagogin tsakar gidan, Richard Dale, ya sassaƙa sunansa a jikinsu a 1559, har yau yana nan. A saman ɓangaren ƙofa suka ɗora wani dogon ɗaki mai tsawon mita 21, suka rufe shi da falalen dutse. Nauyin ya fi ƙarfin itacen da ke ƙasa, bango ya banƙare, daɓen ɗakin ya yi tudu da kwari. Duk wanda ya ga hotonsa zai rantse gobe zai faɗi.

Da na fara yin tambayar, wani ya ce "ganuwa". Malam, da girmanka, ganuwa ai tudun ce, katangar ƙasar da ta kewaye birni kamar ta Kano ko Zariya. Wannan gida ba shi da ita ko kaɗan, ruwan na nan dab da gindin ginin.

Wata 'yar'uwa ta ce "kududdufi". Hajiya, na so wannan, don kududdufi ma ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne ruwa ya kwanta a ciki. Amma shi ba a tsara masa siffa, kuma ba ya zagaye komai. Da jin sunan sai kwaɗi da sauro su faɗo wa mutum a rai. "Lambatu" kuwa ban ma tsaya a kansa ba.

Sai wani dattijo ya rubuto kalma ɗaya tak: gwalalo. Allah ya ƙara girma, Baba. Gwalalo shi ne ramin da ke bin bayan ganuwa, inda aka kwashi ƙasar da aka ɗaga ta, ya zama shinge na biyu ga mahara. Siffar ta dace: haƙa shi aka yi da gangan, kuma kewaye yake yi.

An yi mini gyara cewa gwalalo na yaƙi ne, kuma yakan bushe da rani. Gaskiya ne, na Moreton ba don yaƙi aka yi shi ba. Gidan da ke cike da tagogin gilashi ba ya tare dakaru, ramin na nuna isa ne, a san mai gida ya tara. Da yaƙin basasar Ingila ya zo, iyalin suka goyi bayan sarki, aka ƙwace gidan a 1643, ruwan bai hana komai ba. Daga baya suka bar shi a hannun manoma 'yan haya na tsawon zamani, kuma rashin kuɗin sabunta shi ne ya bar mana shi yadda yake, har aka miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da gine-ginen tarihi, a 1938. To amma ko da ramin ba na yaƙi ba ne, ai takobin ado ma takobi ake ce masa. Maganar bushewa kuma, ƙarin kalma ɗaya ta magance ta: gwalalon ruwa. Shi zan rubuta.

Saura sunan da za a ba irin ginin kansa. "Gidan katako" bai yi ba, don mai karatu zai hango rumfar mai shayi. Ginshiƙan itacen oak ake fara haɗawa da turakun itace, su tsaya da kansu, sannan a saƙa tsumagu a tsakaninsu a yaɓe da laka. A ginin ƙasa namu bango ne ke ɗaukar azara, a can kuwa itacen ne ke ɗaukar bango. Na rubuta "gini mai ƙwarangwal ɗin itace", amma ya yi mini nauyi a baki. Magina da kafintoci, ku kawo taku.