Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba sanƙon da na'ura ke dubawa a hoto?

Daga Yamai:

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina gaisuwa, ina kuma gaida mutanen Tawa. An ba ni wani rubutu na Faransanci in mayar da shi Hausa domin shirin kiwon lafiya da muke gabatarwa a rediyo, kuma maganarsa ita ce yadda ake koya wa kwamfuta ta dubi hoton fatar kan mutum ta faɗi halin da gashinsa ke ciki. Kalmar da ta gagare ni ita ce "alopécie androgénétique". Da farko na rubuta "zubewar gashi", sai na ga ta yi faɗi ƙwarai, domin lafiyayyen mutum ma yakan zubar da gashi 50 zuwa 100 a yini daga cikin kimanin 100,000 da ke kansa, mai jego kuma gashinta kan zuba wajen wata uku bayan haihuwa, sannan ya dawo da kansa. Da na koma ga "sanƙo", abokiyar aikina ta ce babu macen da za ta ji wannan kalma ta ɗauka da ita ake, alhali kusan rabin rubutun a kan mata yake. Tunda Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar a 2025, ina jin nauyin in karanta wa masu sauraro Faransanci ɗanye in wuce.

Daga Tawa:

Wa alaikumus salam, ƴata. Ba a raɗa wa jariri suna sai an ga abin da aka haifa, saboda haka ba zan ba ki kalma yau ba. Sashen farko na kalmar ba shi da abin da za mu ɗauka, domin asalinsa sunan wata dabba ce dangin dila da yanyawa a harshen Girka, wadda gashinta ke zuba idan ƙazuwa ta kama ta. Bayan la'asar na tafi wurin wanzamin da ke yi mini aski shekara da shekaru, na tambaye shi. Bai ajiye aska ba ya lissafa mini abu huɗu da ba ya haɗa su: makero da ke cin kan yara zagaye-zagaye, amosani mai farin gari, cin gaban goshi da tsananin kitso ke jawo wa mata, sai sanƙo. Ya ce shi sanƙo yakan riga mai kan saninsa, domin idan ya jawo aska daga ƙeya tana ƙara, amma da ta hau tsakiyar kai sai ta yi shiru, gashin wurin ya yi laushi kamar na jinjiri, alhali mai shi bai ga komai a madubi ba tukuna. Ki duba mini, shin likitocin naki sun san wannan? Kuma mene ne ainihin abin da na'urar ke gani?

Daga Yamai:

Malam, wanzaminka ya faɗi zuciyar rubutun gaba ɗaya. Gashin ba tsigewa yake yi lokaci guda ba. Akwai wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga sinadarin mazakuta, likitoci na taƙaita sunansa da DHT, shi ne ke ƙanƙantar da tushen gashi a goshi da tsakiyar kai ga wanda ya gaji saurin kamuwa, ta yadda duk gashin da ya faɗi, wanda zai maye gurbinsa yakan fito ya fi shi siranta da gajarta, har a wayi gari ya zama ɗan gashin da ido ba ya gani. Tushen gashin ƙeya bai cika jin wannan sinadari ba, shi ya sa masu dashen gashi daga nan suke ɗiba. Tun 1942 wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, ya lura cewa mazan da aka fiɗiye kafin balaga ba sa yin sanƙo ko da iyayensu na da shi. Shi ne kuma ya tsara matakan abin a 1951, wani likita mai suna Norwood ya gyara su a 1975 suka tsaya bakwai, wani likitan kuma mai suna Ludwig ya tsara na mata mataki uku a 1977, domin su ba goshi ke ja da baya ba, tsagar tsakiyar kai ce ke ƙara faɗi.

Hoton kuwa iri biyu ne. Akwai na kai gaba ɗaya, wanda ko da salula ana iya ɗauka, akwai kuma wanda ake ɗauka da ɗan madubi mai fitila da ake ɗorawa a kan fata, yana girmama abu sau 10 ko fiye. Na ga irinsa: silin gashi ya koma kamar karan gero, ga masu kauri tsaitsaye, ga sirara a tsakaninsu kamar ciyawa. Idan siraran da suka saɓa wa sauran suka haura kashi 20 cikin ɗari, likitoci na ɗaukar haka alama ce. Ita kwamfuta ana nuna mata hotuna masu ɗimbin yawa waɗanda likitoci suka riga suka sa wa alama, har ta koyi ƙirga gashi, ta gwada kaurinsu, ta kwatanta ƙeya da tsakiyar kai, ta ce wannan ya yi kama da mataki kaza.

Daga Tawa:

To, yanzu na ga jaririn. Abin da ya bambanta shi da sauran ukun nan shi ne gado, kuma Bahaushe bai jahilci wannan ba. Sau nawa aka dubi kan saurayi aka yi dariya aka ce kyan ɗa ya gaji ubansa? Kalmar da ta fara zo mini ita ce "sanƙon gado", na kuwa so ta, har sai da na rubuta ta a takarda na ga illarta. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka gadon da ake gada da gadon da ake kwana a kai kamarsu ɗaya a ido. A bakinki a rediyo ba za a ruɗe ba, amma wanda ya karanta zai iya zaton kwanciya ce ke cin gashin, musamman da yake kowace uwa ta ga yadda shimfiɗa ke share ƙeyar jinjiri. Mafita tana cikin nahawunmu: kamar yadda muke cewa dafaffe daga dafa, haka muke da gadajje daga gada. Shawarata ita ce "gadajjen sanƙo". Yadda gashin ke komawa siriri kuma ki kira shi "sirancewar gashi", ba ki ƙirƙiro komai ba, kowa zai gane.

Game da mata, na fahimci abokiyar aikinki, amma ban bi ta ba. Idan muka ba abu ɗaya suna biyu domin kunya, mace za ta je asibiti da wata kalma, likita na da wata. Ki ce "gadajjen sanƙo, na maza da na mata", sa'an nan nan take ki bayyana cewa na mata faɗin tsaga ne, ba ƙwalelen kai ba.

Sauran abu ɗaya da ba ki tambaya ba. Na ga kin rubuta cewa na'urar tana faɗin halin da gashi ke ciki. Kada ki yarda ki ce tana "gano cuta". Duk abin da kika lissafa, ƙirga da gwadawa da kwatantawa, sunansa awo, kuma mutanenmu sun saba da awon ciki da awon jini, sun san bayan awo akwai mai karanta sakamako. "Ƙirƙirarriyar basira" da ƴan jarida suka yaɗa ba ta kwanta mini ba, domin basira a asalinta na Larabci gani ne na zuci, amma bakin alƙalami ya bushe, ki ambace ta sau ɗaya, daga nan ki riƙa cewa "na'ura mai koyo".

Daga Yamai:

Na karɓa, Malam, kuma "awo" ya warware mini wata damuwa da ban faɗa ba. An daɗe ana kuka cewa baƙar fata ta yi ƙaranci cikin hotunan da ake koyar da irin waɗannan na'urori, gashinmu kuma murɗaɗɗe ne, ƙirga shi a hoto ya fi wuya. Bayan haka akwai wata cuta da ta fi kama mata baƙar fata, ita ma daga tsakiyar kai take farawa tana bazuwa, sai dai tana kashe tushen gashi ta bar tabo, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna rage gashi, hoto kuwa ba zai nuna su ba. Sai dai zan ƙara jimla ɗaya kan gadon, domin karin maganarka ta ambaci uba kaɗai, alhali ta wajen uwa ma ana gadonsa. Ga yadda zan buɗe shirin: "Yau za mu tattauna awon gadajjiyar sanƙo da na'ura mai koyo, wato duba sirancewar gashi a hoto kafin likita ya yanke hukunci."

Daga Tawa:

Kin yi daidai a kan dangin uwa, na janye. Amma ki gyara kafin ki shiga ɗakin shiri: sanƙo namiji ne, "gadajjen" za ki ce, ba "gadajjiyar" ba. Ki kuma sanar da ni ranar da za a sa shirin, domin wanzami ya ce in kawo masa rediyo rumfarsa.