Neman kalma: me za mu kira class action, da horon da ke biyo bayan janye ta?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina fassara bayani kan kotunan tarayya na Amurka. Class action fa, wasu na cewa "ƙarar taron dangi". Sanctions kuma, takunkumi ne?

Barista:
Wa alaikumus salam. Taron dangi rubdugu yake nunawa, Malam, bai dace ba. A nan mutum ɗaya ko 'yan kaɗan ne ke tsaya wa dubbai da ba su taɓa taka kotu ba, hukunci kuma ya hau kan kowa. Ni "ƙarar wakilci" zan ce. Wakilcin ne ma ya sa janyewa ke da wuya. Ƙa'ida ta 41 cikin ƙa'idojin shari'ar farar hula na kotunan tarayya ta ba mai ƙara damar janyewa da takarda kawai, muddin wanda ake ƙara bai ba da amsa ko ya nemi hukuncin kai tsaye ba, wato hukunci ba tare da zaman sauraron shaidu ba. Amma da zarar alƙali ya amince da rukunin mutanen da ake wakilta, Ƙa'ida ta 23 ta hana janyewa ko sulhu sai da yardarsa.

Malamar shari'a:
Barista, wakilci zai rikita mai karatu. A kotunan Najeriya da ma ana shigar da ƙara a madadin iyali, musamman a rikicin fili, wannan ce ta cancanci sunan. Tunda kai ma ka ce rukuni, mu ce "ƙarar rukuni", mai tsayawa gaba kuma "wakilin rukuni".

Takunkumi a bar wa ƙasashe. Tara kuma ta yi kaɗan, don ba kullum kuɗi ba ne, wani lokaci umarni ne ko jan kunne a rubuce. "Horon kotu" ya ɗauke duka. Ka kula da matakan Ƙa'ida ta 11: mai neman a hori abokin shari'a zai fara kai masa takardar neman horon, ya jira kwana 21. In an janye ko an gyara abin da ake ƙorafi a kai cikin kwanakin nan, magana ta mutu. Wanda ya tsallake jiran ya kai wa alƙali kai tsaye, yawanci buƙatarsa ce ke faɗuwa. Janyewar da ta zo bayan kwanakin nan kuma ba ta tsige wa alƙali iko: a 1990, a shari'ar Cooter & Gell, Kotun Ƙoli ta ce ana iya horo ko bayan an janye ƙara.

Barista:
Na karɓi rukuni, Hajiya. Sauran wa'adi, inda lauyoyi suka fi tuntuɓe. Wanda bai gamsu da amincewa da rukuni ko ƙin amincewa ba, kwana 14 gare shi ya nemi izinin ɗaukaka ƙara, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta ce uzuri ba ya tsawaita shi. In sulhu ne, dokar tarayya ta 2005 kan ƙarar rukuni ta ce a sanar da hukumomi cikin kwana 10 da shigar da shi kotu, alƙali kuma ba zai sa hannun ƙarshe ba sai kwana 90 sun wuce.

Malam, ka raba janyewa da kora. In mai ƙara ya yi sakaci da wa'adi, alƙali ne zai kore ta, kuma irin wannan kora takan rufe ƙofar sake shigar da ƙarar sai dai in ya faɗi akasin haka.

Mai tambaya:
Na gode. Na rubuta: ƙarar rukuni, wakilin rukuni, horon kotu, kora mai rufe ƙofa da kora mai barin ƙofa.

Malamar shari'a:
Ƙara wannan: wanda ya janye ƙara ɗaya da takarda sau biyu, janyewa ta biyu ita ma rufe ƙofa take.