AC na tsohuwar mota: sanyi da safe, huci da rana. Wa ya taɓa fama da wannan?

Mai Camry, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Camry gare ni ƙirar 2000, shekara shida tana hannuna. Tun da bazarar nan ta shigo AC ɗinta ya sauya mini hali. Da safe in zan kai yara makaranta sanyi yake yi har sai an rage. Da azahar kuwa, ina shiga cunkoson Kurna sai ya koma busa iska mai ɗumi. In hanya ta buɗe na taka mota, sanyin ya ɗan dawo. Sau uku aka ɗura mini gas cikin wata biyu, yanzu kuma an ce in sayi kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin AC. Kafin in fitar da kuɗin nan, don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya fita.

Direban tasha, Gusau:
Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka sayi komai tukuna. Ka buɗe bonet, ka kunna AC mota na tsaye, ka leƙa fankokin da ke bayan lagireto. Haka Golf ɗina ta yi mini. In ana gudu iskar hanya ce ke huce kwandensa, wato abin nan mai kama da lagireto da ke fitar da zafin gas ɗin AC, in an tsaya kuwa aikin fanka ne. Tawa ashe rile ne ya ƙone, ɗan abu kamar kwalin ashana da ke ba fanka wuta.

Mai gyaran AC, Kaduna:
Maganar direba tana kan hanya. Amma abin da ya fi damuna a bayaninka, Alhaji, shi ne ɗurin nan sau uku. Gas ɗin AC ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, zagayawa kawai yake yi cikin bututu a rufe. In da gaske ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma ɗura wani a kai zuba ruwa ne a kwando. In kuma bai ragu ba aka yi ta ƙara maka, yanzu ya wuce kima, kuma gas in ya yi yawa shi ma kashe sanyi yake yi: matsi ya hau, na'urar tsaro ta yanke kwamfiresa, musamman da rana tsaka.

Kullum ina ganin wannan a gareji. Mutum ya zo, ba a sa geji mai auna matsin gas ba, ba a duba komai ba, a taɓa bututu da hannu a ce "gas ne". A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda manne da ke faɗin irin gas ɗin motar da nauyinsa da giram. Ƙananan motoci yawanci ba sa kai kilo ɗaya. Da sikeli ake auna shi, ba da ido ba.

Ni in aka kawo mini, gidajen haɗin bututu nake fara bi. Gas yana tafiya da man kwamfiresa, don haka duk inda ka ga danshin mai ƙura ta manne masa ta yi baƙi, nan ne ƙofar. Sai in shafa ruwan omo, in ya yi kumfa magana ta ƙare. Sau da yawa 'yar robar zobe ce ta bushe saboda tsufa da zafi. In an buɗe bututu kuma dole a zuƙe iskar ciki da injin bakyum kamar rabin awa kafin a ɗura, domin danshi in ya shiga yakan daskare ya toshe hanya.

Malamin makaranta, Katsina:
Nawa ya ɗan bambanta, amma zan faɗa ko zai amfani wani. Accord ce ƙirar 1999. Minti ashirin na farko lafiya lau, injin na yin zafi sai sanyi ya ɗauke, ko ana gudu ko ana tsaye. Wani dattijon rewaya ya sa na kunna, ya ɗan ƙwanƙwasa fuskar kwamfiresa da ƙotar sukundireba, sai na ji ƙas, ta kama. Ya ce kulocinta ne ya cinye, tazarar ta yi faɗi, maganaɗisun ba ya iya jawo shi in ya yi zafi. Ya cire wata siririyar wosha guda ɗaya. Shekara biyu ke nan ban sake jin ta ba. Sai dai kada kowa ya gwada da kansa, bel na juyawa a wurin.

Maman 'yan biyu, Zariya:
Ni kuma iskar ce ta daina fitowa da ƙarfi, ga wani warin rima, ga ruwa yana jiƙa kafet a gefen mai zaman gaba. Har na fara zargin yara da zubar da ruwa. Corolla ce ta 2005. Da aka ciro matatar iska a bayan akwatin dashbod, wallahi kamar an kwaso ta daga bakin murhu, ƙurar hunturu ta yi mata dam. Ruwan kuma ɗan tiyon da ke zubar da shi ƙasa ne ya toshe da laka.

Mai Camry, Kano:
Hajiya tawa iskar na fitowa da ƙarfinta, sanyin ne babu. Amma na gode, zan sa a duba tiyon.

Ɗan kasuwa, Sakkwato:
Ni na riga na yi kuskuren da kake shirin yi, shi ya sa nake roƙonka ka tsaya. A garinmu watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, mota ba AC ba ta shiguwa da iyali. Kwamfiresata ta mutu da gaske, na sayo ta hannu, aka ɗaura, sati uku ta bi 'yar uwarta. Na sake sayen wata. Sai a karo na uku wani ya tsiyayo man ciki a farar takarda ya nuna mini: baƙi ƙirin, da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli. Ta farkon da ta mutu ta watsa wannan dattin cikin bututu, shi ke cinye duk wadda aka sa. Sai da aka wanke layin, aka canza kwandensa da diraya, wato matatar da ke tsotse danshi, sannan na huta. Kuɗin kwamfiresa biyu sun tafi a banza, har yau abin na yi mini ciwo.

Tsohon ma'aikaci, Jos:
'Ya'yana, ku ƙara da wannan don masu motoci irin tawa. Marsandi ce ta 1989, kuma motocin wancan zamani da gas R12 aka yi su. An daina shi ne saboda illarsa ga sararin samaniya, bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, zuwa tsakiyar shekarun 1990 sababbin motoci sun koma R134a. Man da ke tafiya da na farkon ba ya haɗuwa da na biyun. Wanda ya ɗura sabon gas a kan tsohon mai, kwamfiresarsa za ta yi ta juyawa ba isasshen mai. Da aka juya tawa zuwa R134a sai da aka canza mai da robobi da diraya. Sanyinta bai kai na da ba, amma tana yi.

Mai gyaran AC, Kaduna:
Gaskiya ne Baba. Ta Alhaji dai R134a ce tun daga kamfani. A kula kuma da gas mai arha da ba a san asalinsa ba, akwai gauraye a kasuwa.

Mai Camry, Kano:
Na dawo da labari. Jiya na buɗe bonet kamar yadda direba ya ce: fanka ɗaya ce ke juyawa, ɗayar ko motsi. Na kai wa wani mai gyaran daban, ya sa geji a gabana, allurar ɓangaren matsi ta haura sosai. Ya ce gas ya yi yawa, kwamfiresa kuma lafiyarta ƙalau. An canza ɗan injin da ke juya fankar, an wanke kwandensa da ruwa, laka ta yi ta fita ja, aka zuƙe gas aka sake ɗurawa da sikeli daidai abin da takardar bonet ta ce. Yau da ƙarfe biyu na bi ta Kurna da gangan, na tsaya kusan minti goma sha biyar a cunkoso, ƙaramar 'yata tana baya har ta yi barci. Ya ga ɗan danshin mai a bakin bawul ɗaya, ya ce in koma bayan sati biyu a sake aunawa. Allah ya saka wa kowa da alheri.