Neman taimako kan lambobin jihohi da ƙananan hukumomin Najeriya

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana ƙididdiga a kan wani aiki da ya cije mini, wato kwatanta alƙaluman ƙidayar jama'a ta 1991 da ta 2006.

Na fara da tsarin ISO 3166-2, wanda ya bai wa kowace jiha alamarta, kamar NG-KN ga Kano da NG-ZA ga Zamfara, sai dai tsarin bai sauka zuwa ƙananan hukumomi 774 ba. Da na koma haɗa bayanan ta hanyar suna, sai kwamfuta ta cakuɗa Nasarawa ta jihar Kano da Nasarawa ta jihar Nasarawa, haka ma Bassa ta Kogi da ta Filato.

Abin da ya fi damuna shi ne sauyin iyakoki. A 1996 aka cire Zamfara daga Sakkwato, Gombe kuma daga Bauci, saboda haka NG-SO, wato alamar Sakkwato, a yau ba ta nufin faɗin ƙasar da aka ƙirga a 1991, kuma wanda ya jera alƙaluman biyu kai-tsaye zai ba da hoton da ba gaskiya ba game da ƙaruwar jama'ar Sakkwato.

Shin akwai jadawalin da ke nuna wace ƙaramar hukuma ta fito daga wace? Sannan lambobin da OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jin ƙai, ke amfani da su, inda Kano take NG020, sun dace da na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kuwa? Don Allah wanda ya taɓa irin wannan aiki ya nuna mini hanya. Na gode.