Abin da Aka Tattauna Kan Haɗa Bincike Tsakanin Malaman Yawon Buɗe Ido da Sauran Masana

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da muka yi.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Malamin yawon buɗe ido shi kaɗai ba ya iya gano tushen matsalar wuri. An fi kawo misalin bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2016. Idan ruwan Matan Fada, kogin da ake kamun kifin, ya ja baya ko kifi ya ragu, bikin ne zai yi rauni. Dole ke nan a zauna da masana ruwa da kifi, da masanin tarihin Kabi, har da masuntan kansu. Ni ma nan hankalina ya fi karkata.

2. A gandun dajin Yankari, sai an haɗa kai da masana namun daji, musamman kan giwayen da ke shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye.

3. Haɗin gwiwa na ƙarfafa takardar neman tallafin TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu na Nijeriya), kuma ɗalibai na koyon zanen taswira da ƙididdiga.

Inda aka rabu:

4. Wasu na fargabar fannin yawon buɗe ido zai narke cikin tattalin arziki ko labarin ƙasa. Wasu suka ce zaman kaɗaicin ne ya sa ake raina shi.

5. Sunan wa zai zo farko a muƙala? Wannan ya shafi ƙarin girma kai tsaye, shi ya sa muhawarar ta yi zafi. Mafi yawa sun ce a rubuta yarjejeniya tun kafin a fita aikin fili. Kaɗan sun ce amana ta wadatar.