Tambaya kan jan sallar jana'iza a ƙauyenmu

Assalamu alaikum, malamai. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma tun da limaminmu ya kwanta rashin lafiya dattawa suka ɗora mini jan sallar jana'iza. A wajensa na koyi kabbara huɗu da addu'a ga mamaci ba tare da karanta Fatiha ba, bisa mazhabar Malikiyya. Ranar da baffana ya rasu, ana ajiye makara a ƙofar gida wasu matasa suka dage sai na karanta Fatiha, har 'ya'yan mamacin, da ke cikin jimami, suka rabu gida biyu. Shin ya halatta in riƙa karantawa domin kauce wa saɓani, ko kuwa in tsaya kan abin da na koya?